Binciken Asalin Yusufu Ɗan Peru

Tun da na dawo daga Madina ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. Wannan ya ce yaya garin Manzo, wancan ya ce ina tsarabarsa, Malam Garba mai koyar da lissafi kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, wai da gaske ne a can ba a ɗauke wuta. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takardar nan in ci gaba da shan shayina.

Ba ibada kaɗai ta kai ni ba. Kaset ne ya zo wa mahaifiyata daga yayanta, Kawu Habu, wanda ya bar Funtuwa a ƙasa tun kafin a haife ni, ya bi ta Chadi da Sudan, ya yi shekara bakwai a hanya, ya sauke farali ya yi zamansa. Bayan gaisuwar da ta cinye fuska ɗaya ta kaset ɗin, sai ya shiga magana. 'Yarsa Zainabu, wadda mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ta samu manemi. Mutumin Musulmi ne, fari ne sol, kuma ya ce shi ɗan wata ƙasa ne wai ita Peru. Kawu ya ce shi ba ya ba da 'ya sai an binciki asali, ga shi duk unguwarsu an rasa wanda ya taɓa jin sunan ƙasar. A turo masa mai ilimin boko, abin da ya faɗa shi ke nan. Ni ne mai koyar da labarin ƙasa a danginmu, shekara tara ina zana taswira a allo. Inna ta dube ni, ni kuma na dubi rediyon.

Kafin in tashi na yi shiri irin na malamai. Na ɗauko littafin da nake koyarwa da shi na buɗe wajen Peru. Shafi ɗaya da rabi ne. Akwai duwatsu, akwai ma'adinai, akwai hoton wani gajeren mutum jajaye da malafa, yana riƙe da wata dabba mai kama da raƙumin da aka hana tozo. Na karanta sau biyu na rufe, na ce wa zuciyata na gama da Peru.

Daga Funtuwa zuwa Kano a fijo muka tafi, mu tara ban da direba. Kayana jaka ɗaya ce. Saƙon Inna buhu ne: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da gwangwanin man shanu da ta rantse ba zai zuba ba. Ya zuba tun kafin Zariya. A filin jirgin Kano aka ce jirgi zai tashi da azahar, ba a dai faɗi azahar ɗin wace rana ba, muka kwana biyu a kan benci. A nan na san Alhaji Ɗan'azumi, wani ɗan kasuwa da ya ce tafiyarsa ta goma sha ɗaya ke nan. Ya ba ni shawara guda: duk abin da mai kaki ya ce mini a can, in ce Alhamdu lillahi. Ya ce da ita yake cin ƙasar tun zuwansa na farko, bai ƙara ko kalma ɗaya a Larabcinsa ba.

A Jidda aka duba katin allurarmu, aka buga fasfo, sannan aka zo kan buhun Inna. Ma'aikacin kwastan ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya taku biyu, ya tambaye ni wani abu da ƙarfi. Na ce Alhamdu lillahi. Ya sake tambaya, na sake gode wa Allah. Sai ya kira wani abokin aikinsa, baƙi wuluk cikin kaki irin nasu. Wannan ya sunsuna, ya rufe ido, ya ce da Hausa, "Wallahi irin ta kakata." Na yi murna na shiga gaishe shi, ina iyali, ina mutanen gida, daga wane gari yake. Ya ce shi ɗan Jidda ne, ubansa ma ɗan Jidda ne, sauran maganar ya ƙarasa ta da Larabci, ya ɗaure mini buhuna ya nuna mini ƙofa.

Na yi umara. Abin da na ji da na ga Ka'aba ba na takardar shan shayi ba ne, na yi kuka dai, ku bar shi a haka.

Hanyar Madina doguwa ce, bas muka hau. A wata rumfar gefen hanya aka tsaya cin abinci, aka kawo shinkafa da kaza a babban faranti, mutum biyar kowane faranti, babu miya. Na jira miya har abokan cina suka kai rabi. Shayinsu kuwa a wani ɗan kofin gilashi suke ba da shi, wanda a gida da shi za a auna wa yaro maganin tari. Kusa da gari akwai shingen da ake duba takardu, saboda wanda ba Musulmi ba ba ya shiga cikin harami. Ɗan sandan ya dubi hulata ya wuce, bai ko karɓi fasfo ba.

Gidan Kawu yana Ƙuba, bayan wani tsohon lambun dabino, tafiyar 'yan mintoci zuwa masallacin. Sana'arsa tsire, kuma Larabawa layi suke yi a tukubarsa, suna kiransa "sire" kamar kakanninsu ne suka ƙirƙiro shi. Ya rungume ni ya daɗe bai sake ni ba, yana cewa ina kama da ubansu. Matarsa Hajiya Kaltume Bahaushiyar Sudan ce, Hausarta da daɗi amma sai ka kasa kunne. Aka ba ni ɗakin sama mai na'urar sanyaya ɗaki, wadda ban san yadda ake kashe ta ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na kwana da rigar sanyi a ƙasar da kowa ya gargaɗe ni da zafinta. Da safe aka kawo dafaffen wake da aka dama da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi. Na ci na ƙoshi, na ce a raina ƙosai ne aka yi wa ragwanci.

Ranar da azahar Kawu ya tara abokansa tsofaffi huɗu a zauren baƙi, duk waɗanda suka zo a ƙasa irinsa. Aka ci tuwon shinkafa da miyar kukar Inna, wani daga cikinsu har da hawaye. Da aka ɗauke kwanuka Kawu ya gyara zama.

"To Iliyasu, kai ne mai karatun Nasara. Akwai ƙasa Peru?"

"Akwai ta, Kawu. Tana can ƙarshen duniya ta yamma, bayan teku."

Tsofaffin suka gyaɗa kai. Na ji daɗin gyaɗa kan nan, kuma shi ya kai ni ya baro.

"Mutanenta farare ne?"

"A'a," na ce, har da ɗaga yatsa kamar ina gaban aji. "Gajeru ne jajaye masu baƙin gashi, a kan duwatsu suke zaune da dabbobinsu. Bature dai daga Turai yake. Wannan sananne ne."

"Ka tabbata?"

"Shekara tara ina koyar da shi."

Kawu ya dubi abokansa. "Kun ji. Wanda ya ɓoye garinsu akwai abin da ya baro a can." Nan take ya aika a gaya wa mutumin kada ya sake taka ƙofar gidansa. Ni kuwa na hau sama na yi ƙailula, ina ganin na yi aikin da aka turo ni cikin minti biyar.

Washegari da hantsi ina saukowa sai na ji an kira ni daga bayan labulen ɗakin da keken ɗinki yake. Zainabu ce. Ni ɗan mace ne ita 'yar namiji, taubasai ke nan, don haka na shirya wasa, na ce ina tukuicin zuwan maigidanta daga Nijeriya. Ba ta yi dariya ba.

"Ya ustaz, ka taɓa zuwa Peru?"

"A littafi na je."

"Tayyib. Littafinka ya ce akwai baƙaƙe a Madina?"

Littafina dai bai ce ba.

"Ni a nan aka yanke mini cibi. Ban san Funtuwa ba, wallahi ko a hoto. In na je wata ƙasa na ce ni 'yar Madina ce, wani ustaz zai buɗe littafi ya ce kazzaba, maƙaryaciya, ko?"

Ta gaya mini abin da Kawu bai sa a kaset ba. Yusufu, manemin nata, abokin aikin marigayi mijinta ne a filin jirgin sama. Shi ya kai shi asibiti, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Shekara uku bai ce mata komai ba sai sallama daga bakin ƙofa, in kekenta ya lalace a fitar masa da shi waje ya gyara ya tafi. Sai bara ya yi wa Kawu magana.

"Shekara huɗu ina zaune, ya ɗan'uwa. Na samu wanda hankalina ya kwanta da shi, ka zo daga jirgi ka ci tuwo ka kashe maganar kafin ka wanke hannu. Khalas, shi ke nan. Allah ya saka da alheri."

Na sha zagi a rayuwata, amma ban taɓa jin wanda ya yi mini ciwo kamar wannan Allah ya saka da alheri ba.

Na tari tasi zuwa filin jirgi. Direban ya sauke ni wajen masu tafiya, na yi ta yawo ina tambayar "Yusuf Peru", aka nuna mini Yusufu uku, ɗaya ɗan Masar, biyu 'yan Pakistan. Wani Bahaushen Chadi mai share-share ne ya gane, ya ce, "A'a, Yusufu Ja kake nema," ya kai ni garejin da ake gyaran motocin jan kaya. Ƙafafu na fara gani a ƙarƙashin wata mota. Da ya fito sai ga mutum dogo, fuska ja kamar gauta, gemu ruwan ƙasa da furfura jefi-jefi, idanu kamar na mage. Na ce a raina, ai ko a gaban alƙali wannan Bature ne.

Na faɗa masa ko ni wane ne. Na zaci zai juya mini baya. Sai ya goge hannunsa ya ce lokacin cin abinci ya yi, in zo. Turancinsa gurgu ne, Larabcina ya fi shi gurgunta, da su biyun muka jingina muka yi tafiya. A ɗan ɗakinsa na bayan gareji ya zubo mini dafaffen dankali da wata miya ruwan ɗorawa mai yaji. Na gaya masa a wurinmu dankalin Turawa muke kiransa. Ya ajiye cokali ya ce daga duwatsun ƙasarsu aka kai wa Turawa shi. Na ce to, wannan ma littafina bai faɗa ba.

Ya jawo wani gwangwanin biskit cike da hotuna. Ya ce mutumin da na gani a littafi gaskiya ne, su ne 'yan ƙasa na asali, kuma su da waɗanda jininsu ya gauraya su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Amma ɗaruruwan shekaru da suka wuce mutanen Sifen sun zo da jiragen ruwa suka ci ƙasar da yaƙi, suka zauna, suka haifi 'ya'ya da jikokin da ba su taɓa ganin Sifen ba. Dangin uwarsa daga cikinsu suke, daga wani gari Arekipa. Ya nuna mini ita zaune a kujera da baƙar riga, fuska a murtuke kamar an ce ta biya kuɗin hoton. Daga baya, in ji shi, wasu suka biyo: 'yan Italiya, Ingilishi, Faransawa, Jamusawa. Akwai ma wasu masu jin Jamusanci da aka kai cikin wani kwari a daji aka manta da su, tsawon zamani babu hanyar mota, suna ta noma da auren junansu. Yawancin fararen dai a biranen bakin teku suke, musamman Lima. Ya ce akwai baƙaƙe kamata, jikokin waɗanda aka kai bauta, akwai 'yan Sin da 'yan Japan.

Kakansa na wajen uba ɗan Italiya ne. Ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Kayawo da jaka ɗaya, ya buɗe kanti a kusurwar titi, daga baya ya gina gidan burodi. Ga hotonsa da gashin baki, gari har gwiwar hannu. Uban Yusufu ya gaji tandar. Dangin uwar suna da gona babba, suka ce 'yarsu ta auri mai toya burodi, shekara biyu ba su gaishe shi ba. Na ce ashe ku ma kuna binciken asali. Ya ce fiye da naku. Da sojoji suka hau mulki suka karɓe manyan gonaki suka raba wa manoma, gonar ta tafi. Bai ce an zalunce su ba, ya ce waɗanda suke noma ta tun kakanni ba su taɓa cin abinci a teburin gidan ba, shi ma sai da ya girma abin ya dame shi. Ya koyi kanikanci, wani kamfani ya kawo shi Jidda, a can ya zauna ɗaki ɗaya da wasu Musulmi shekara biyu, ya musulunta, ya nemi a maido shi Madina.

"A ƙasarmu ana ce mini baƙo saboda fatata," ya ce. "Na je Italiya sau ɗaya, kwana goma, suka ce mini ɗan Indiyawan Amurka saboda bakina. Yanzu kai ka zo ka ce babu ni gaba ɗaya."

Bai faɗa da fushi ba, yana ma ƙara mini dankali. Kunya ta rufe ni.

Da la'asar na samu Kawu a tukuba yana barbaɗa ƙuli. Na ce masa na yi kuskure, akwai farare a Peru, na ga hotuna, na ga fasfo, na ji tarihi.

"Jiya babu, yau akwai. Littafin ne ya canja da daddare?"

"Littafin shafi ɗaya da rabi ne, Kawu."

"Shi kake koya wa 'ya'yan mutane shekara tara?"

"Shi ne."

Ya juya tsirensa. Sannan ya ce ya ji, akwai su. Amma shi a inda ya fito, namiji ba ya neman aure da bakinsa. Manyansa ke zuwa, su zauna, su nema masa, don in abu ya ɓaci a san wanda za a kama. Na ce masa ai a nan na ji ango da kansa yake zama gaban mai ɗaurin aure. Ya ce wannan na Larabawa ne, shi 'yarsa ba a kanti ya saye ta ba. Ranar Juma'a bayan la'asar Yusufu ya zo da manyansa. In babu, a bar maganar har abada.

Na koma na gaya wa Yusufu. Ubansa ya rasu. Uwarsa ta tsufa, tana Lima, kuma tun da ya musulunta 'yan'uwansa ba sa amsa wasiƙarsa. Ya ce zai zo duk da haka.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa darduma biyu a zauren baƙi, suna fuskantar juna. A ɗaya Kawu ne da tsofaffinsa huɗu da limamin unguwa da ni. Ɗayar babu kowa. Yusufu ya yi sallama ya shigo da sabuwar farar jallabiya, karin guga bai ko kwanta ba. Ya gaishe da kowa hannu da hannu, ya je ya zauna a tsakiyar waccan dardumar shi kaɗai. Dardumar mai cin mutum takwas ce.

Kawu ya tambaye shi da Larabci, "Ina manyanka?"

"Ni ne, ya ammi."

Wani tsoho ya yi gyaran murya. Kawu ya sa carbinsa a aljihu, ya dafa ƙasa zai tashi. A bayan ƙofar cikin gida na ji motsin mutum.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Taku uku ne tsakanin dardumar nan da waccan, na yi su, na zauna a gaban Yusufu, na tanƙwashe ƙafa na gyara hula.

"Salamu alaikum," na ce. "Mun zo neman iri."

"Iliyasu, kai namu ne. Tashi ka dawo."

"Kuna da yawa, Kawu, ba za ku ji rashina ba. Muna nema wa ɗanmu Yusufu auren 'yarku Zainabu."

Liman ya sunkuyar da kai yana gyara rawani, kafaɗunsa na rawa. Kawu bai yi dariya ba. Ya koma ya zauna sosai, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Kun san asalinsa?"

"Mun sani. Ɗan mai gidan burodi ne, jikan mai gidan burodi, mutanen Lima, tushensu Italiya. Uwarsa 'yar manoma ce daga Arekipa. Ba a san su da sata ba. Sana'arsa kanikanci, kuma ya ɗauki makarar surukinka."

"In ya cuce ta, wa zan kama?"

"Ni."

"Kai kana Funtuwa."

"Ka san gidan, Kawu. Ƙanwarka ce a ciki."

Ya dubi darduma. Sannan ya ce in sake nema, na sake. Ya ce in ƙara, na ƙara, sau uku kamar yadda ake yi a gida. A na ukun muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Mun ba ku." Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Duk da Hausa aka yi wannan, Yusufu bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya matso ya taɓa kafaɗata, ya raɗa mini da gurgun Turancinsa, me aka ce, korarsa aka yi?

Ya girme ni da shekara shida. Na juya na ce masa an ba shi, kuma ya rufe mana baki, yara ba sa magana a wurin nan. Ya ce to, Baba. Ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kan sabuwar jallabiyar.